Sunan Wagina da Sandar Ɗanyen Marke

Ni ne na yi laifi, ba Sale ba. Na fara da wannan ne domin har yanzu akwai tsofaffi a wajen Nangere da suka ji farkon maganar ba su ji ƙarshenta ba, kuma ba na so ƙasa ta rufe idona wani yana riƙe da rabin labari. Sunana Isa, ana ce mini Isa Bahago saboda da hagu nake aiki, a takarda kuma Isa Wagina. Sana'ata ƙera amalanken shanu. A boko ban wuce aji huɗu ba, don haka kada ku nemi ado a rubutuna.

Ku samarin da ke walda a bakin titi, na ji kuna cewa amalanke ai ba wani abu ba ne, taya biyu ne da katako. Wasunku ma Wagina ne a katin makarantarsu, amma in aka tambaye su inda sunan ya fito sai su ce wai sunan wani kakansu ne. Ba sunan kakan kowa ba ne a Potiskum. Daga Jamus ya zo, kuma a gabana ya sauka.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru aka kawo wani Bajamushe wata ma'aikatar gona da ke bayan gari, domin ya koya wa manoma aiki da shanun huɗa. Dogo ne, jajir, ƙeyarsa kullum a ƙone da rana. Sunansa Wagner, mu kuwa muka ce Wagina, shi ma ya amsa. Ya shiga gari yana neman maƙerin da za su yi aiki tare, aka nuna masa Kawu Modu, yayan mahaifiyata, wanda iyayensa suka zo daga Borno, yana da maƙera a unguwar Yerimaram. Ni ke yi masa zuga a lokacin. Mai riƙe guduma kuwa Sale ne, mutumin Nangere, ɗan ƙabilar Karai-Karai, ya girme ni da shekara biyar. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama.

Amalanken farko kwana arba'in ya ci mana. Bature ya samo aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, na wata matacciyar mota a tasha, da tayoyinta biyu. Muka kwance boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, muka wanke da kananzir har yana ƙyalli, muka cika shi da giris. Da Bature ya tura tayar da yatsa ɗaya, ta yi ta juyawa ba ƙara ba tsayawa, har Kawu ya gama ɓare goro ya jefa a baki ba ta tsaya ba. Mutanen unguwa suka cika ƙofar maƙera suna leƙe. Kawu ya ƙera ƙarafan da ke riƙe katako, Sale ya yi yankan zarto, ni aka ba ni gizago aka ce in fere doguwar sandar da ke shiga tsakanin shanu biyu, wadda muke kira sandar ja. Tun daga ranar ban ƙara sha'awar wani aiki ba.

Wata rana muna cin ƙosai a rumfa da hantsi, Kawu ya tambaye shi, "Wagina, sunan nan naka na mahaifinka ne, ko na garinku?"

Ya yi dariya, ya zana taya a ƙasa da yatsa. Hausarsa a karye take, amma ga abin da muka tsinta. Ya ce a ƙasarsu, a zamanin da, suna ɗaya kowa ke da shi. Da garuruwa suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai aka riƙa liƙa wa mutum sana'arsa, har ta bi 'ya'yansa. Nasa sunan, ma'anarsa mai ƙera keken doki. Kowane gari yana da mai wannan aiki, don haka sunan bai fito daga gida ɗaya ba, ya tsiro ne a wurare da yawa, kuma masu shi ba su haɗa jini ba. Daga baya wasu suka haye teku da shi, wasu suka zama malamai da likitoci, ba su taɓa riƙe gizago ba amma sunan na nan manne da su. Ya ce shi kansa kakansa ne na ƙarshe da ya yi sana'ar a gidansu, sai ga shi ya dawo kanta a ƙasar baƙar fata.

Kawu ya ce, "Ashe kamar mu ne. Maƙeri, Wanzami, Baduku. To in haka ne ai na fi ka cancantar sunan, tun da kai zane kake yi a takarda, ni nake ƙonewa."

Bature ya miƙa masa hannu ya ce, "Modu Wagina." Muka kwashe da dariya. Wasa ne, amma kafin sati ya zagayo duk Yerimaram haka ake kiransa.

Ranar da muka fita da amalanken nan zuwa kasuwar shanu, ban taɓa ganin irinta ba. Muka ɗaura bijimai biyu na ma'aikatar gona, muka loda buhun gero goma, Sale ya riƙe igiya, ni na haye can sama kan buhuna. Mata suka fito ƙofar gida, masu jakai suka ja gefe suna harara. Da muka isa gindin wata tsamiya a bakin kasuwa, dillalai suka bar ciniki suka kewaye mu. Can sai ga Buba, wani Bafillace da ya zauna a wani ƙauye kudu da gari yana noma da kiwo. Shi da Kawu abokan wasa ne, kamar yadda Fulani da Barebari suke, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Buba ya zagaya amalanken sau biyu, ya ce, "Bawana, wa ya ba ka wannan? Na san dai kan Babarbare bai kai nan ba."

Kawu ya ce, "Matso ka gani, ɗan daji. Amma kada ka taɓa taya, ba saniya ba ce, ba a tatsar ta."

"In ya kai buhunan nan ƙauyenmu bai wargaje ba, zan yarda cewa yau kai mutum ne."

"In ya kai fa, za ka yarda ni ne ubangijinka?"

"Wannan kuma sai an yi shawara da shanu."

Ya kai, ya dawo, ko ƙusa ba ta motsa ba. Buba ne mutum na farko da ya sa muka ƙera masa nasa, kuma shekara tara yana aiki da shi.

Bayan shekara uku Bature ya tashi komawa gida. Ya bar wa Kawu wani ƙarfen tambari, irin wanda ake sawa a wuta a ɗana wa itace, mai siffar taya da haƙarƙari shida. Ya ce a ƙasarsu alamar masu wannan sana'a ke nan. Daga nan Kawu ya kafa doka. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya ƙware, ranar yaye zai ƙera masa irin wannan ƙarfe ya ba shi, kuma daga ranar ya zama Wagina. Kowane amalanke sai an ɗana masa tambarin a kan sandar ja. Ranar kasuwa kuma duk masu tambari su jera kayansu a gindin tsamiya wuri ɗaya, mai saye ya zaɓa, ba ya tambayar na wane ne, domin sunan ɗaya ne. Wanda kuwa ya yi aikin ha'inci, a karɓe ƙarfensa a gaban mutane.

Karkiyar da na fara sassaƙawa da kaina, Kawu wuta ya jefa ta. Kwana uku na yi ina gyara ta, na goge da magagari har tana santsi. Ya ɗauka ya ce, "Ta wane sa ce?" Na ce ta kowane sa. Ya ce, "To babu sa mai suna kowane." Ashe ba a sassaƙa karkiya sai an ga shanun. Za ka je ka tsaya a gabansu, ka shafa wuyan kowanne, ka auna da igiya daga tozo zuwa inda itacen zai zauna, ka duba wanne ya fi tsawo, wanne ke jan jiki, wanne ke da zafin rai. In ɗaya ya fi ƙarfi, sai ka matsar da ramin tsakiya kaɗan wajensa, don ya ɗauki kaso mafi yawa. In ka kuskure da faɗin yatsa biyu, kafin wata guda wuyan sa ya yi gyambo, ƙuda ya samu wurin zama, manomi kuma ya rasa damina.

Wani amalanke da muka yi wa wani mutumin Fika ya koya mini zaman aksul. Na ɗaura shi a tsakiyar katako daidai, ina ganin na burge. Kawu ya sa aka loda buhu shida, ya ce in ɗaga bakin sandar ja. Na sa hannu biyu ina nishi. Ya ce, "Abin da ka ji a hannunka, shi sa zai ji a wuyansa daga nan har Fika." Muka kwance, muka gusa, muka sake gusawa, har sai da Kawu ya ɗaga sandar da yatsa biyu, kaya na kai. In aksul ya yi baya da yawa nauyi ya danne wuyan shanu, in ya yi gaba sandar ta ɗaga sama ta shaƙe su. Ku da injin waldarku, wa ya taɓa nuna muku gwajin yatsa biyu?

Amma uwar aikin duka ita ce itace. Sandar ja da marke ake yin ta. A saro shi bayan ɗaukewar ruwa, a ɓare, a jera a inuwa ba a rana ba, a riƙa juya shi duk ranar Juma'a, har rani biyu. Kafin a taɓa shi da gizago, Kawu zai ƙwanƙwasa da bayan guduma ya saurara. Busasshe yana amsawa da ƙara siririya, ɗanye kuwa kamar ka bugi buhu. Sannan ya ɗora leɓensa a kai. Ɗanyen itace sanyi gare shi a leɓe ko da rana ta take. Haka kuma ya nuna mana cewa gizago yana barin sawu. Saran mai dama yana kwantawa gefe ɗaya, na bahago yana kwantawa ɗaya gefen. Yakan shafa sanda ido rufe ya ce, "Wannan ta Sale ce. Wannan kuma ta ɗan hagun nan ce."

Sale aka fara yayewa, a shekarar da yaƙin basasa ya tashi. Aka yanka rago, Kawu ya ba shi ƙarfe, ya koma Nangere ya kafa rumfa. Bayansa aka yaye wasu har da ni, sunan ya kama hanya kamar yadda Bature ya faɗa. Aka samu Wagina a Fika, aka samu a Damagum, aka samu a Gadaka, wani ya kai shi Azare. Wani ma ya bar sana'ar ya zama direban babbar mota, ya tafi da sunan har Kano da Jos, a jikin motarsa aka rubuta. Ranar kasuwa in ka zo gindin tsamiya sai ka ga kekunan shanu jere, sababbi fil, suna warin giris da sabon katako, Bafillace na ciniki da Fulatanci, Ngizim da nasa yare, mu muna amsa wa kowa da Hausa. Kwanaki ne masu daɗi ƙwarai.

A nan ne kuma ciwona ya fara. Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, bai haifi namiji ba, sai na sa a raina cewa sunan nan gadona ne. Na ji da kunnena Bature yana cewa ba na jini ba ne, amma na ajiye wannan gefe. Da na ji Sale ya sa 'ya'yansa a makaranta an rubuta su Wagina, sai da na kasa cin tuwo. Ban ƙara kiransa Yaya Sale ba, ban kuma taɓa kiransa Wagina ba. Sale na Nangere nake cewa. Gaskiyar da na ƙi faɗa ita ce, masu saye da suka san aiki sukan bi jeri suna shafa sanduna har su tsaya a kan tasa.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Da rani ya shiga rijiyoyin ƙauyuka suka ƙafe, sai an yi tafiyar rabin yini kafin a samo ruwa. Duk wanda ke da sa biyu da suka rage a tsaye, amalanke yake nema ya ɗora duro. A lokacin idon Kawu ya mutu, ƙafa ma ta ƙi, yana gida kwance, ni ke riƙe da rumfar Yerimaram. Aiki ya yi yawa har busasshen markenmu ya ƙare ƙaf. Sale da nasa ya kusa ƙarewa sai ya rage aiki, yana kawo ɗaya a sati. Ni kuwa na ga in na tsaya, shi zai cika gindin tsamiya.

Na aika aka saro mini ɗanyen marke. Na fere, na babbaka shi sama-sama a wuta, na shafe da baƙin mai har ya yi kama da wanda ya shekara biyu a inuwa. Na ɗora leɓena a kai, na ji sanyin nan, na ɗauki ƙarfena na ɗana tambari. Guda huɗu na yi haka. Uku Allah ya rufa asiri, sun lanƙwashe kawai, masu su suka dawo na canja musu a ɓoye. Na huɗun Buba ne ya saya daga jeri, domin tsohon nasa ya gaji.

Ɗanyen itace in ya shiga zafin bazara yana bushewa a gurguje, ya tsage daga ramin noti. Buba na gangara wani kwari da duro biyu cike da ruwa, sandar ta karye. Amalanken ya zubo kan shanu, ƙafar ɗayansu ta karye, dole aka sa masa wuƙa a wurin. Sa ne da ya sha wahalar raya shi da ƙaiƙayi da ganyen bishiya duk tsawon farin nan.

Ranar kasuwa ya zo gindin tsamiya da guntayen sandar biyu a kafaɗa, ya zubar a gabana. Babu wasa a fuskarsa. Sale bai zo ba ran nan. Dillalai suka taru.

Buba ya ce, "Isa, ga tambarinku a kan ɗanyen itace. Wa ya yi wannan?"

Na duƙa kamar ina dubawa. Na ga sawun gizagona kwance a gefen hagu, tun daga kai har gindi. Na miƙe na ce, "Wannan aikin Nangere ne."

Na koma gida na faɗa wa Kawu da baki. Guntun da na ɗauko da sunan zan nuna masa, na cusa shi a rufin rumfa. Ya ce, "Ka duba da kyau?" Na ce na duba. Ya ce, "To doka ba ta san ɗan fari ba. Ka aika masa ya kawo ƙarfe ranar kasuwa. Kai za ka karɓa a madadina."

Sale ya zo da ƙarfensa naɗe a tsumma. Buba ya miƙa masa ɗaya guntun. Ya karɓa, ya bi shi da babban yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ya ɗago ya dube ni. Na san ya gani, ya kuma san na sani. Kalma ɗaya ta ishe shi, domin akwai waɗanda Kawu ya yaye a wurin, kowannensu ya iya karanta sawun gizago in aka ce ya duba. Amma in aka karɓe ƙarfena rumfar Yerimaram ta mutu, ita ce kuwa ke ciyar da makahon da ya koya masa aiki. Ya ajiye guntun, ya miƙo mini ƙarfen da hannu biyu.

Ya ce, "Ka gai da Baba."

Da mutane suka fara watsewa, ya matso kusa ya yi ƙasa da murya. "Akwai busasshen marke takwas a rumfata. Ka aiko a ɗauka." Ku ji iyakar lalacewata: na aika, aka ɗauko, na yi aiki da su, na ɗana musu tambarina.

Daga ranar ba wanda ya ƙara kai wa Sale aikin amalanke. Ya koma sassaƙa turmi da ƙotar fartanya. A kasuwa aka daina ce masa Wagina, wasu har suna ce masa Sale Ɗanye. Ni kuwa gindin tsamiya ya zama nawa, wata shida ina cin kasuwa.

Da damina ta dawo aka samu ɗan amfani, sai ga Buba a Yerimaram da shanu biyu, yana son sabuwar karkiya. Wasansa ya dawo. Ya ce, "Ɗan bawana, auna mini su da kyau. Yanzu kai kaɗai na yarda da hannunka." Na ɗauko igiya na auna na farko. Da na zagaya wajen na biyu, na ɗora hannu a tozonsa, sai na ga tsagar da ke kunnensa na dama da farin tabo a goshi. Na gane wannan sa, na Sale ne. Shi ke jawo wa Sale itace daga daji, ni ma na sha ba shi dusa da hannuna.

Na ce, "Baffa Buba, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Mutumin Nangere ne ya kawo mini har gida, bayan abin nan da sati guda. Ban nema ba. Ya ce in riƙe a madadin nawa. Mugun ma'aikaci ne, amma dai yana da kunya." Ya tofar da goro ya ƙara da cewa, "Na gan shi kwanan baya ya ɗauko gungumen turmi a ka, tun daga daji. Ka ga yadda ya rame?"

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce wa Buba ya dawo ranar kasuwa, a gindin tsamiya zan ba shi amsa. Na hau na zaro guntun sandar daga rufin rumfa, na shiga wurin Kawu yana zaune a tabarma, na ɗora masa a cinya. Ya shafa sau ɗaya. Ya sake shafawa. Ya kai bakin karayar kusa da hanci ya sansana.

Ya ce, "Bahago."

Na ce, "Ni ne, Kawu."

Sannan ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro ƙarfen Sale, yana nan cikin tsummansa. Ya ce, "Laifina ne da na yi hukunci da kunne, ina da hannu. Kai kuma ba ni za ka ba haƙuri ba. Inda ka faɗa, can za ka je ka warware, kuma da irin muryar da ka faɗa. Ku ɗora ni a amalanke ranar, zan je."

Ga abin da ya biyo bayan ranar kasuwar a taƙaice. An karɓe ƙarfena, na yi shekara biyu a Nangere ina fere sanduna a ƙarƙashin Sale ba tambari, kafin shi da kansa ya mayar mini da shi bayan rasuwar Kawu. Na saya masa sa, ya karɓa bayan na kai sau uku. Yau in ka ƙirga masu amsa Wagina a ƙasar nan, zuriyarsa da waɗanda ya yaye sun fi nawa nesa ba kusa ba, kuma haka ya dace. Amma wata shidan da ya yi yana ɗaukar gungume a ka, ba ni da abin da zan mayar masa da su.

Bari in koma kan ranar kasuwar. Na aika aka kira Sale, ya zo yana zaton wani sabon laifin ne. Kawu na zaune a kan amalanke, Buba na tsaye da shanunsa, dillalai da mahauta da sauran masu tambari duk sun kewaye tsamiya. Na haɗa guntayen sandar biyu a ƙasa, nawa da wanda Buba ya riƙe, na ajiye ƙarfena a kansu. Na cire hula, na cire takalmi, na durƙusa a gaban Sale na ɗaga masa ƙarfensa da hannu biyu, kamar yadda ya miƙo mini. Na ɗaga murya yadda na can baya za su ji.

Na ce, "Jama'a, ku zo ku shafa sandar nan, sawun hagu ne. Ni na saro ta ɗanya, ni na shafa mata baƙin mai, ni na kashe san Baffa Buba, ni na ce aikin Nangere ne alhali na san nawa ne. Mutumin nan ya gani ya rufa mini asiri, ya ba ni itacensa, ya ba da sansa, ni kuma na karɓe masa suna. Sunan ba gadona ba ne, na mai aikin kirki ne, kuma a cikinmu babu wanda ya kai shi. Yaya Sale Wagina, ga ƙarfenka. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."